Daga Istifanus Zuwa Kasuwar Kurmi: Shahada da Tsanani a Tarihin Kano ta Fuskar Makon Kirsimeti

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa tsofaffin ikilisiyoyi suka jera ranakun tunawa da shahidai a bayan ranar Kirsimeti ba tare da tazara ba, sannan ta auna wannan al'ada da tarihin birnin Kano, tun daga kisan Malam Ibrahim, jagoran Isawa, a Kasuwar Kurmi cikin ƙarni na 19, har zuwa kisan da aka yi a Kasuwar Ƙofar Wambai a 2016. Maƙalar ta nuna cewa koyarwar Kirista ta gindaya wa shahada sharuɗɗa masu tsauri, waɗanda idan aka kiyaye su ba kowace mutuwa a rikici za a kira shahada ba, kuma tunawa da shahidai ba zai zama hujjar ramuwar gayya ba. Ta kuma nuna cewa Musulmin birni suna riƙe da nassosin da ke girmama masu imanin da aka kashe saboda addininsu. Matsayar da aka cim ma ita ce, ciwon da ya fi damun Kano a wannan fage shi ne rashin hukunta masu kisa da rashin adana sahihin tarihin waɗanda aka kashe.

1.0 Gabatarwa

A wurin mafi yawan mazauna Kano, Kirsimeti lokaci ne na hutu da ɗinkin sababbin kaya da aika wa maƙwabta shinkafa da nama, sannan lokaci ne da tashar mota ta Sabon Gari ke cika maƙil da masu tafiya garuruwansu. Sai dai wanda ya buɗe kalandar ibada ta ɗarikar Katolika ko ta Angilikan zai tarar cewa kwana ɗaya tak bayan murnar haihuwar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a kiran Musulmi, ikilisiya takan koma maganar jifa da yanka da kukan iyaye mata. Ikilisiya a nan tana nufin jama'ar masu bin Almasihu a dunƙule, ba ginin da suke sujada a ciki ba, wanda shi ake kira coci ko majami'a. Tsanani kuwa shi ne sunan da Hausawa Kiristoci suke kiran duk wata takura ko cutarwa da ake yi wa mutum saboda addininsa, tun daga hana shi filin ibada har zuwa raba shi da ransa.

Birnin Kano na cikin ganuwa, wanda Sarki Gijimasu ya soma kewaye shi a ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa shi, gari ne na Musulmi wanda ba a san shi da ginin coci a cikinsa ba. Duk da haka yana da alaƙa mai tsawo da wannan batu, domin a tsakiyarsa aka kashe mutumin da Hausawa Kiristoci da dama suke ɗauka a matsayin mafarin tarihinsu, kuma a bakin ƙofofinsa aka yi wasu daga cikin kashe-kashen da suka fi tayar da hankali a zamanin nan. Maƙalar za ta fara da bayanin ranakun shahidai da sharuɗɗan shahada, sannan ta gwada su a kan abubuwan da suka auku a Kano.

2.0 Ranakun Shahidai a Makon Kirsimeti

Ranar 26 ga Disamba ta Istifanus ce, wanda Kiristoci suke ƙirgawa a matsayin shahidinsu na farko, kuma labarinsa yana cikin sura ta 6 da ta 7 na littafin Ayyukan Manzanni. Yana ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa a Urushalima domin su kula da rabon abinci ga gwauraye mata, sai muhawara ta haɗa shi da wasu mutane, da suka kasa kayar da shi da hujja suka zarge shi da yin saɓo ga Allah da Annabi Musa, suka kuma kawo shaidun zur gaban majalisa. Kafin majalisar ta yanke hukunci jama'a suka fusata, suka ja shi zuwa bayan gari suka jejjefe shi, wani saurayi mai suna Shawulu yana tsaron rigunan masu jifan. Littafin ya nuna cewa maganar ƙarshe da ta fito daga bakin Istifanus addu'a ce ta neman kada a kama masu kisansa da wannan laifi, Shawulun nan kuwa shi ne daga baya ya zama Manzo Bulus. Abubuwa uku sun fito fili a wannan labari, wato zargin saɓo, da taron jama'a da ya riga alƙali yanke hukunci, da yafiyar wanda aka kashe.

Ranar 27 ga wata ta Manzo Yohanna ce, wanda tarihin ikilisiya ya nuna ya sha ɗauri da kora zuwa tsibirin Batmusa amma ya rasu da tsufansa. Ranar 28 kuma ta yaran Baitalami ce, waɗanda sura ta 2 ta Linjilar Matiyu ta ce Sarki Hirudus ya sa aka karkashe, duk namiji daga mai shekara biyu zuwa ƙasa, saboda tsoron kada jaririn da aka haifa ya ƙwace masa sarauta. Malaman ikilisiya na da sun fitar da rabe-rabe uku daga wannan jeri: Istifanus ya yi niyyar ba da ransa kuma an karɓa, Yohanna ya yi niyya amma ba a kashe shi ba, yaran Baitalami kuwa an kashe su alhali ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A ranar 29 ga wata ake tunawa da Toma Beket, Babban Bishop na Kantabari a Ingila, wanda jaruman Sarki Henri na Biyu suka kashe a cikin cocinsa a 1170 saboda saɓanin da ke tsakaninsa da fada.

Ɗarikun bishara irin su ECWA da Baptis da HEKAN, waɗanda mafi yawan Hausawa Kiristoci ke cikinsu, ba sa kiyaye ranakun waliyyai, amma suna karanta labarin Hirudus da gudun Yusufu da Maryamu zuwa Masar a wannan mako. A Nijeriya kuma tarihi ya ƙara wa makon nauyi na daban, tun daga bama-baman jajibirin Kirsimeti a Jos a 2010, da harin Cocin Katolika na Santa Teresa da ke Madalla a Jihar Neja ranar 25 ga Disamba 2011, har zuwa hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023.

3.0 Sharuɗɗan Shahada a Koyarwar Kirista

Tun ƙarnonin farko ikilisiya ta gane cewa sunan shahidi daraja ce da za a iya yin kasuwanci da ita, don haka ta kafa mata iyakoki. Majalisar malaman da ta zauna a Elbira ta ƙasar Andalus a farkon ƙarni na 4 ta yanke cewa duk wanda ya je ya farfasa gumakan mutane aka kashe shi a wurin, ba za a sa shi cikin jerin shahidai ba, domin shi ya tsokano abin da ya same shi. Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya yi jayayya da 'yan ɗarikar Donatus masu alfahari da yawan mamatansu, inda ya tsaya a kan cewa dalilin mutuwa ne ke tabbatar da shahada, zafin azaba shi kaɗai ba ya tabbatar da ita. A ƙarni na 18 Fafaroma Benedik na 14 ya tsara waɗannan ƙa'idoji a rubuce, kuma har yau a kansu Katolika take bincike: dole a ce an kashe mutum da gaske, wanda ya kashe shi ya yi hakan ne saboda ƙin addininsa ko wata ɗabi'a da addinin ya umarta, shi kuma ya karɓi mutuwar da haƙuri ba tare da makami a hannunsa ba.

Afirka na da kaso mai yawa a wannan tarihi, kama daga Farfetuwa da Filisita da aka kashe a Kartaj a 203, zuwa Kibɗawan Masar da suke fara ƙirga shekarun kalandarsu daga 284 domin tunawa da tsananin zamanin Sarki Diyokletiyan, zuwa samarin fadar Buganda da Kabaka Mwanga ya sa aka kashe tsakanin 1885 da 1887, waɗanda 22 daga cikinsu Katolika ne, 23 kuma Angilikan. Abin lura a labarin Buganda shi ne, kimanin shekara goma kafin haka mahaifin Mwanga, Kabaka Mutesa na Ɗaya, ya sa an kashe samari Musulmi na fadarsa saboda sun fifita umarnin addini a kan nasa. Wannan ya nuna cewa mai mulkin da ke tsoron biyayyar da ta wuce tasa ba ya tantance addini idan ya tashi kisa.

4.0 Malam Ibrahim da Isawa

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a birni mai suna Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayin da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. Ya tara almajirai yana koyar da su jiran dawowar Isa, mutane kuma suka riƙa kiran su Isawa. Riwayar da ta zo ta bakin zuriyar mabiyansa, wadda masana irin su Edmund Crampton da Ian Linden suka rubuta, ta nuna cewa an kira shi aka nemi ya janye koyarwarsa ya ƙi, sai aka yanke masa hukuncin kisa aka tsire shi a Kasuwar Kurmi. Tsirewa hukunci ne da ake soke mutum a kan itace mai tsini a bar shi a bainar jama'a, kuma zaɓar Kurmi, kasuwar da fatake daga Agadas da Borno da Gwanja suke haɗuwa, ya nuna ana son labarin ya bazu ya zama gargaɗi.

Ba za a fahimci wannan hukunci ba sai an haɗa shi da halin da masarautar ke ciki. Tun wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa a ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka shige duwatsun Ningi, inda magadansu suka kafa ƙarfi suka riƙa kai wa kudancin Kano hari shekara da shekaru. A irin wannan yanayi duk malamin da ya tara jama'a a kan wata koyarwa ta daban, fada za ta dube shi da idon tawaye kafin ta dube shi da idon ilimi. Bayan kisan Malam Ibrahim almajiransa sun watse zuwa ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci da Ningi, suka ci gaba da riƙe abin da ya koya musu.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya, suka karɓi baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, aka kuma kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya hallaka mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya suka zama wani ɓangare na jama'ar Wusasa bayan mishan ya koma can a 1929. Daga wannan zuriya aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Idan aka ɗora Malam Ibrahim a kan ma'aunin da aka bayyana a sama, za a ga al'amarinsa yana da sarƙaƙiya. Bai yi baftisma ba, bai zauna da wani ɗan mishan ba, kuma hujjojinsa daga Alƙur'ani ya ciro su, don haka a idon kansa malamin Musulunci ne da ya saɓa wa 'yan'uwansa a fahimta. A idon fada ɗan bidi'a ne mai haɗari ga zaman lafiya, a idon jikokin almajiransa kuwa shahidi ne da ya mutu saboda sunan Isa. Masanin tarihi ba shi da ikon raba wannan gardama ta aƙida, amma yana iya tabbatar da abu biyu: an kashe mutumin ne saboda abin da ya gaskata ya kuma ƙi janyewa, sannan addinin Kirista a tsakanin Hausawa yana da wata jijiya da ta tsiro daga cikin birni tun kafin zuwan Turawa.

5.0 Ganuwa da Sabon Gari

A 1900 tawagar Bishop Herbert Tugwell, wadda Miller ke cikinta, ta iso Kano, Sarki Aliyu Babba kuma ya ƙi ba su izinin zama ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku inda ɗaya daga cikinsu ya rasu da rashin lafiya. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, gwamnatin Gwamna Lugga ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta sa baki cikin addini ba, saboda haka ta hana 'yan mishan aiki a cikin biranen Musulmi. Da jirgin ƙasa ya iso aka sami kwararar ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, sai aka keɓe musu Sabon Gari wajen 1913, a can ne kuma coci-coci suka taru. Ayyukan mishan da aka yarda da su, kamar asibitin kutare na Yadakunya da asibitin ido na mishan ɗin SIM, duk a wajen ganuwa aka yi su.

Wannan tsari ya haifar da sakamakon da har yau ake fama da shi, domin ya haɗa addini da ƙabila da unguwa wuri guda, har ya zama da an ce Kirista sai tunanin mutumin birni ya tafi ga baƙo ɗan kudu. Wanda ya fi cutuwa da wannan fahimta shi ne Bahaushe Kirista, musamman zuriyar Maguzawan da suka karɓi addinin a yankunan Rano da Sumaila da Tudun Wada, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa, domin ɗan ƙasa ne da ake yi wa kallon baƙo. Koke-kokensu na yau da kullum sun fi karkata ga wahalar samun filin gina coci da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma da koyar da addininsu a makarantun gwamnati, wanda a rabe-raben da aka ambata ya fi kusa da halin Yohanna, wato tsanani mai tsawo wanda ba a zubar da jini a cikinsa.

6.0 Rabe-raben Kashe-kashen Kano, 1980 Zuwa 2016

Kashi na farko shi ne tarzomar gari, wadda addini da ƙabilanci da siyasa da talauci suke cakuɗewa a cikinta. A nan za a sa rikicin Oktoban 1982 da ya taso kan ginin wani cocin Angilikan a Fagge, da na Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke, da na Mayun 2004 wanda ya biyo bayan kisan ɗaruruwan Musulmi a Yelwan Shendam ta Jihar Filato, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 200 a Kano. Yawancin waɗanda suka mutu a irin wannan tarzoma ba a tambaye su abin da suka gaskata ba, suna ko shiga ko harshe ne ya jawo musu, don haka halinsu ya fi kama da na yaran Baitalami. Yana da kyau a tuna cewa rikicin da ya fi kowanne cin rai a makon Kirsimeti a Kano shi ne na Maitatsine a 'Yan Awaki, daga 18 zuwa 29 ga Disamba 1980, wanda alƙaluman hukuma suka nuna ya ci mutum 4,177, kuma mafi yawansu Musulmi ne.

Kashi na biyu shi ne harin da aka shirya aka kai wa masu ibada da gangan. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga sun afka wa Kiristoci masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, daf da ganuwar birni, suka kashe fiye da mutum 15, cikinsu har da Farfesa Jerome Ayodele da Farfesa Andrew Leo Ogbonyomi, sannan a 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a Cocin Katolika na Sen Cals yayin da jama'a ke fitowa daga ibada. Waɗannan sun cika sharaɗin kisa saboda ƙin addini ba tare da wata tababa ba. Sai dai a wannan zango ne aka kashe aƙalla mutum 185 a hare-haren Boko Haram na 20 ga Janairu 2012, aka kai wa Sarki Ado Bayero hari a Janairun 2013, aka kuma hallaka fiye da mutum 100 a Babban Masallacin Juma'a na birni ranar 28 ga Nuwamba 2014. Wannan bai rage gaskiyar cewa an nufi Kiristoci saboda addininsu ba, amma ya nuna cewa masu aƙidar Boko Haram sun halatta jinin kowa.

Kashi na uku, wanda ya fi kama da labarin Istifanus, shi ne kisan da taron jama'a ke yi bisa zargin ɓatanci. A makon Kirsimeti na 1994 wasu mutane suka kutsa gidan yari a Kano suka fito da Gideon Akaluka, ɗan kasuwa Ibo da ake tsare da shi bisa zargin wulaƙanta takardar Alƙur'ani, suka fille masa kai suka zaga da shi gari, alhali yana hannun hukuma yana jiran shari'a. Ranar 2 ga Yuni 2016 kuma aka kashe Bridget Agbahime, dattijuwa mai shekara 74 da ke sayar da robobi a Kasuwar Ƙofar Wambai, bayan wata cacar baki kan yin alwala a ƙofar shagonta ta rikiɗe ta zama zargin ɓatanci ga Annabi. Shugaban ƙasa da gwamnan jiha da shugabannin Musulmi sun yi tir da kisan, an kuma gurfanar da mutum biyar, amma a Nuwamban shekarar kotun majistare ta sallame su bisa shawarar Babban Lauyan jiha. Irin wannan ya sake faruwa a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022 da kisan ɗaliba Deborah Samuel. A duk waɗannan ba a tabbatar da zargin a gaban alƙali ba kafin a kashe wanda ake zargi.

7.0 Abin da Kowane Ɓangare Ya Gada

Almajirin da ke karatu a makarantar allo a Madabo ko Ƙoƙi, da zarar ya kammala izifin farko ya wanke Suratul Ɗariƙ, sura ta gaba da malam zai rubuta masa ita ce Suratul Buruj, wadda ta la'anci mutanen da suka haƙa rami suka hura wuta suka jefa muminai a ciki ba don wani laifi ba sai don imaninsu da Allah. Malaman tafsiri da dama sun danganta wannan da kisan da Zu Nuwas, sarkin Himyar a Yaman, ya yi wa Kiristocin Najran wajen shekarar 523, waɗanda ikilisiya take tunawa da su a ranar 24 ga Oktoba. Haka nan Suratul Kahfi, wadda ake karantawa duk Juma'a, ta yabi samarin da suka gudu da addininsu zuwa kogo, Suratul Hajji kuma ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren ibadar da Allah yake karewa daga rushewa. A fikihun Malikiyya da aka gina shari'ar Kano a kansa, zartar da haddi aikin shugaba ne bayan alƙali ya saurari shaidu, kuma a Kano ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki kan adalci. Saboda haka mai kisa a kasuwa ya saɓa wa littattafan da ake karantarwa a zaurukan unguwarsa kafin ya saɓa wa sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addini.

A ɓangaren Kiristoci kuwa, haɗarin da ke akwai shi ne a mayar da jerin sunayen mamata ya zama makamashin fushi. Tun daga shekarun 1990 ake jin wasu suna cewa an mari kunci biyu babu na uku da za a juya, kuma abin da ya auku a Yelwa a Mayun 2004, bayan kisan Kiristoci a garin a Fabrairun shekarar, ya nuna inda wannan magana take kaiwa. Kisan mafarauta 16 'yan arewa, galibinsu 'yan Jihar Kano, a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025 ya sake nuna cewa hukuncin taron jama'a cuta ce ta ƙasa baki ɗaya. Wanda ya yi sujada ranar 26 ga Disamba ya saurari addu'ar Istifanus ba shi da hujjar ɗaukar fansa a kan maƙwabcin da bai yi masa komai ba. Akwai kuma misalan da ya kamata a riƙa ambata a wa'azi, kamar ziyarar da wasu Musulmin Kano suka kai coci-cocin Sabon Gari a Janairun 2012, da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018.

8.0 Kammalawa da Shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa jerin ranakun 26 zuwa 29 ga Disamba yana ba da ma'aunin da za a iya rarrabe abubuwan da suka faru a Kano da shi, ta yadda ba za a kira kowace tarzoma tsanani ba, ba kuma za a musanta tsananin da ya tabbata ba. Yafiyar da addini ya nema daga wanda aka zalunta ba ta sauke wa hukuma nauyin hukunta azzalumi, domin yafiya tsakanin bawa da Ubangijinsa take, kare rai kuwa amana ce a wuyan mai mulki.

Bisa wannan ake ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Kano ta riƙa bin duk shari'ar kisan taron jama'a har ƙarshenta, ta kuma bayyana wa jama'a dalili a duk lokacin da ta janye tuhuma. Na biyu, sassan tarihi da nazarin addinai na Jami'ar Bayero da cibiyar Gidan Mambayya su tattara sunaye da bayanan waɗanda suka rasu a rikice-rikicen Kano, Musulmi da Kirista, tare da riwayoyin zuriyar Isawa tun dattawan da suka san su suna raye. Na uku, Majalisar Masarauta da shugabannin kasuwannin Kurmi da Ƙofar Wambai da Kantin Kwari su kafa hanyar miƙa duk wanda aka zarga ga hukuma nan take kafin jama'a su taru. Na huɗu, limamai da fastoci su koyar da Suratul Buruj da labarin Istifanus tare da hukuncin da ke cikinsu game da zubar da jinin wanda ba a tabbatar wa laifi ba. Muddin mai kisa yana da tabbacin zai koma shagonsa bayan 'yan watanni, wa'azi kaɗai ba zai hana a sake zubar da jini a Kano ba.